Juyin juya hali ko juyin mulki? Mu san abin da muke tafa wa

A ranar 7 ga Janairun 2025, lokacin da aka rantsar da Shugaba John Dramani Mahama a dandalin Black Star da ke Accra, shugabannin ƙasashe da dama sun halarta, amma babu wanda ya sha tafi da sowa kamar Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, wanda ya zo cikin kakin soja da bindiga a ƙugunsa. Abin ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Jama'ar da suka sauya gwamnati da ƙuri'a wata guda kacal da ya wuce, su ne kuma suke yi wa mutumin da ya hau mulki da bakin bindiga kirari.

Tun daga ranar maganar ba ta kwanta ba a zangunanmu. Daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, in samari sun zauna shan ataya ba a rasa mai cewa "mu ma irin Traore muke bukata". Bidiyoyinsa na yawo a WhatsApp da TikTok, na gaskiya da na bogi da aka haɗa da kwamfuta. Kuma ba a banza ba. Wanda ya ga hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, ya ga sidi ta zube, ya ga gwamnati ta sake komawa roƙon bashi wajen IMF, dole ya ji daɗin shugaban da ya sallami sojojin Faransa ya ce zinariyar ƙasarsa ta 'yan ƙasa ce.

A ranar 1 ga Afrilun 2025 Traore ya fito fili ya ce Burkina Faso ba dimokuraɗiyya take yi ba, juyin juya hali take yi, na talakawa, mai neman ci gaba. To, tunda shi da kansa ya raɗa wa mulkinsa wannan suna, ya kamata mu tsaya mu auna kalmar da sauran 'yan uwanta. Da irin waɗannan kalmomi ake raba aboki da maƙiyi, da su ake yanke wa mutum hukunci, kuma mu da muke tsiraru a ƙasar nan mun sha ganin an rataya mana suna an bi mu da shi.

Juyin mulki daban, juyin juya hali daban

Hausa ta yi mana gata, don ta raba kalmomin biyu tun daga lafazinsu. Juyin mulki shi ne a juya wanda ke kan kujera. Sojoji kaɗan su kama gidan rediyo da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi, kafin gari ya waye an yi sabon shugaba. Dare ɗaya ya isa. Amma attajirin da ke cin riba jiya shi ne ke ci yau, kuma manomin da ba shi da gona har yanzu ba shi da ita.

A juyin juya hali kuwa, hali ake juyawa, wato halin da al'umma take ciki: wa ke da fili, wa ke da dukiya, wa ake jin maganarsa, doka wa take karewa. A Faransa a 1789 an rushe gatan masu sarauta, daga baya aka kawar da sarautar kanta. A Rasha a 1917 an ƙwace filaye da masana'antu daga hannun masu su. Haka Sin a 1949, Kuba a 1959, Iran a 1979. Ko ka so su ko ka ƙi su, a duk waɗannan wurare ɗimbin jama'a ne suka shiga ciki, kuma rayuwa ba ta koma yadda take a da ba. Larabawa ma sun raba kalmomin, suna cewa saura da inƙilabi, ko da yake mutanen Iran inƙilabi suke kiran nasu juyin juya halin. Ka ga yadda kalmomin ke saurin cakuɗewa.

Kusan duk sojan da ya ƙwaci mulki sai ya kira abin da ya yi juyin juya hali. Numeiri ya yi haka a Sudan a 1969, Umar al-Bashir ya maimaita a 1989, Kerekou ya yi a Benin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: juyin mulki laifi ne, juyin juya hali kuwa kirari ne. Wannan bai hana wani juyin mulkin ya rikiɗe ya zama na juya hali ba. Hafsoshin Masar su Jamal Abdun-Nasir sun kifar da Sarki Faruk a Yulin 1952, kafin Satumba ta ƙare sun kafa dokar da ta ƙayyade yawan gonar da mutum ɗaya zai mallaka, aka raba sauran ga manoma. Saboda haka ba a ranar farko ake gane juyin juya hali ba, sai an ga abin da ya biyo baya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gyara kayanka, ko sauke mu raba

Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A cikin karin maganar nan akwai duk rabe-raben ra'ayin siyasa. Mai ra'ayin gyara yana ganin kaya sun karkace ne kawai, a daidaita su ta hanyar zaɓe da kotu da majalisa. Mai ra'ayin juyin juya hali yana ganin tun farko a kan zalunci aka ɗaure kayan, gyara ba zai yi ba, sai an sauke an raba. Ɗan mazan jiya, wanda ake kuma kira mai ra'ayin riƙau, cewa yake kada a taɓa, in aka sauke fashewa za su yi.

Kalmomin "hagu" da "dama" da ake ji a labarai daga majalisar Faransa ta 1789 suka samo asali, inda magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna a hagu. Jari-hujja sunanta ya fassara ta: jarinka shi ne hujjarka, kasuwa ke yanka farashi. Gurguzu kuma shi ne manyan hanyoyin samun arziki, kamar ma'adinai da masana'antu, su zama mallakar jama'a baki ɗaya, galibi ta hannun gwamnati. Kwaminisanci shi ne ƙarshen wannan ra'ayi, kuma a aikace ya zo da jam'iyya ɗaya tilo.

Sai "sabon salon mulkin mallaka", kalmar da ba ta faɗuwa a bakin Traore. Kwame Nkrumah ne ya fi kowa yayata ta, har ya rubuta littafi a kanta a 1965. Ma'anarta ƙasa ta samu tuta da taken ƙasa, amma akalar tattalin arzikinta tana hannun wasu a waje.

Hausa ma ta ba da nata kason. Kalmar "talaka" ta zama makamin siyasa tun da jam'iyyar NEPU ta fito a Kano a 1950 da sanarwarta ta Sawaba, wadda ta bayyana siyasar Arewa a matsayin gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin gargajiya da talakawa. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki sunan Sawaba, aka haramta ta a 1959, ta ɗauki makami a 1964 da goyon bayan Ghana ta Nkrumah, aka murƙushe ta. Kalma ɗaya ce, amma wasu sun bi ta da ƙuri'a, wasu da bindiga.

Tsattsauran ra'ayi: kalma ɗaya, kaya biyu

A nan ne babbar matsalar take. Kalmar "radikal" ta Turanci da Faransanci asalinta Latin ne, kuma saiwa take nufi. Ɗan radikal shi ne mai cewa a daina sassabe rassa, a tono matsala daga saiwarta. Malam Aminu Kano ɗan radikal ne, bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Nkrumah ma haka aka kira shi a 1949, da ya fice daga UGCC ya kafa CPP yana neman mulkin kai nan take, kuma makamansa a Janairun 1950 yajin aiki ne da ƙaurace wa kayan Turawa.

Amma a Hausar rediyo, da ɗan radikal da mai wuce gona da iri duk "mai tsattsauran ra'ayi" ake ce musu. Ke nan ɗalibin jami'a mai son a mayar da ma'adinai hannun gwamnati da ɗan ƙungiyar JNIM mai yanka mutane a ƙauyukan Burkina sun zama suna ɗaya. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne gare mu. Tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001, in jami'in tsaro ya ji kalmar radikal, saurayi Musulmi yake hangowa. Ɗalibi a Legon zai iya bugun ƙirji ya ce shi radikal ne, a yi dariya a wuce. Ɗan zango mai gemu da ɗangalallen wando in ya rubuta haka a Facebook, wani kunnen daban ne zai ji shi.

Gara mu raba su a bakinmu. Na farko mu ce "mai neman sauyi daga tushe". Na biyu mu ce "mai wuce gona da iri", abin da malamai ke kira guluwwi. Bambancinsu ba a zafin magana yake ba. Mai neman sauyi daga tushe ya yarda abokin hamayyarsa yana da haƙƙin rayuwa da na magana. Mai wuce gona da iri ya halatta jininsa.

Mu a nan Ghana ba labari aka ba mu ba

Dattawanmu sun ga juyin juya hali da idonsu. A ranar 4 ga Yunin 1979 ƙananan sojoji suka fito da Jerry Rawlings daga kurkuku suka ɗora shi a kan mulki. Kafin watan ya ƙare an harbe manyan hafsoshi takwas, har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku: Acheampong, Akuffo da Afrifa. Jama'a sun yi murna, don kowa ya gaji da kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi. Amma da aka tashi neman masu laifi, kan 'yan kasuwa aka sauka. An yi wa mata bulala a bainar jama'a, aka rushe kasuwar Makola a watan Agusta. A zamanin Rawlings ne kuma aka rushe babban masallacin Juma'a da ke nan Makola, jama'a suka koma Abossey Okai. Farashi bai sauka ba don an rushe kasuwa, kaya ne suka ɓace.

Da ya dawo a ranar 31 ga Disambar 1981, Rawlings ya ce wannan karon juyin juya hali ne sosai. Aka kafa kwamitocin tsaron jama'a a unguwanni da wuraren aiki, waɗanda daga baya aka mayar da su kwamitocin kare juyi, aka kuma kafa kotunan jama'a. A ranar 30 ga Yunin 1982 aka sace alƙalan babbar kotu uku da wani tsohon hafsan soja aka kashe. Zuwa 1983, ga fari, ga yunwa, ga 'yan Ghana kusan miliyan guda da Najeriya ta koro, sai gwamnatin da ke zagin jari-hujja ta rungumi shirin IMF da Bankin Duniya. Da yawa daga 'yan hagun da suka yi mata aiki suka ƙare a gidan yari ko gudun hijira.

Ba za a ce ba a bar komai ba. Majalisun gundumomi na 1988 suna nan har yau, an kai lantarki Arewa, kuma kundin tsarin mulkin 1992 daga hannun wannan gwamnati ya fito. Akwai kuma dokar gado ta 1985, wadda aka yi don kare zawarawa da marayu, amma ta hau kan kowa ba tare da la'akari da rabon gado na Musulunci ba. Ga misalin sauyi daga tushe da aka yi da kyakkyawar niyya, amma ba majalisar da za mu je mu faɗi namu, tunda an rufe ta.

Ko Nkrumah da muke alfahari da shi, a 1957 gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden daga ƙasar, ta hanyar dokar da aka yi musamman da sunayensu, saboda suna ɓangaren adawa. A shekarar ce kuma aka haramta jam'iyyun da suka dogara da addini ko ƙabila, abin da ya kawo ƙarshen jam'iyyar Musulmi ta MAP.

A ɗora Burkina a kan sikeli

Traore rigar Thomas Sankara yake sawa, don haka da Sankara ya kamata a auna shi. Sankara ya hau mulki a ranar 4 ga Agustan 1983, ta juyin mulki shi ma. Cikin shekara huɗu ya sauya sunan ƙasar, ya mayar da filaye mallakar gwamnati, ya soke harajin kai da ke wuyan talaka, ya rage ikon sarakuna, ya sayar da motocin Marsandi na ministoci, aka yi wa yara sama da miliyan biyu rigakafi cikin makonni biyu a 1984. Wannan kam hali aka juya. Amma a shekarar ce kuma ya kori malaman makaranta sama da dubu don sun yi yajin aiki, kuma kwamitocinsa na kare juyi sun gallabi mutane har shi da kansa ya fito ya soke su a 1986. A farkon Oktobar 1987, makonni biyu kafin a kashe shi, ya faɗa a Tenkodogo cewa juyi mutanen da suka gamsu yake bukata, ba waɗanda aka murƙushe ba.

Traore fa? Ya karɓi mulki a ranar 30 ga Satumbar 2022 daga hannun wani sojan, Paul-Henri Damiba. Sojojin Faransa sun fice a Fabrairun 2023. Ya haɗu da Mali da Nijar sun kafa ƙawancen AES, sun bar ECOWAS a Janairun 2025. Sabuwar dokar ma'adinai ta 2024 ta ɗaga kason gwamnati daga kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma gwamnati ta karɓi mahaƙar zinariya ta Boungou da ta Wahgnion. An buɗe masana'antar tumatir a Bobo-Dioulasso da kuɗin da 'yan ƙasa suka zuba. Waɗannan abubuwa ne na zahiri, kuma wanda ya raina su bai yi adalci ba. Sai dai har yanzu sefa ake kashewa a Wagadugu, kuɗin da ke ɗaure da yuro, kuma inda Faransa ta tashi Rasha ce ta zauna.

A ɗaya gefen sikelin, an dakatar da harkokin jam'iyyu tun 2022, a Mayun 2024 aka ƙara wa mulkin soja shekara biyar, a Yulin 2025 aka rushe hukumar zaɓe. Dokar gangamin yaƙi ta Afrilun 2023 ta zama bulala: 'yan jarida da alƙalai da masu fafutuka da suka yi suka an kwashe su an sa musu kaki an tura fagen daga. Tsaro kuwa, wanda shi ne hujjar juyin mulkin tun farko, bai samu ba. Kisan Barsalogho na Agustan 2024, inda 'yan JNIM suka buɗe wuta kan mutanen da ke haƙa ramukan kariya, yana cikin mafi muni a tarihin ƙasar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi sojoji da kashe fararen hula 223 a ƙauyukan Nondin da Soro a Fabrairun 2024, ta kuma zarge su tare da 'yan sa-kai na VDP da kashe Fulani aƙalla 130 a yankin Solenzo a Maris ɗin 2025. Gwamnati ta musanta, amma ta toshe kafofin da suka ɗauki labarin na farko.

Kalmar da ta fi kowace haɗari

A ƙamus ɗin juyin juya hali akwai kalmar da ba a rubuta ta a riguna: "maƙiyin juyi". Wani lokaci a ce "ɗan koren Turawa", wani lokaci "maci amanar ƙasa". Duk juyi sai ya nemi maƙiyi, kuma tunda an rufe kotu mai zaman kanta da jarida da majalisa, mai riƙe da bindiga ne kaɗai ke faɗin ko wane ne. A Makola 'yar kasuwa ce. A Kumasi Sarkin Zango ne. A Solenzo Bafulatani ne. In ka duba da kyau, kusan kullum wanda ya fi sauƙin nunawa da yatsa ne: baƙo, ɗan kasuwa, makiyayi, mai wani harshe ko addini. Mu Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a ƙidayar 2021, kuma har yau akwai ɗan zangon da kakansa a nan aka haife shi amma sai an tambaye shi garinsu in ya je neman katin ɗan ƙasa. Ba mu manta da korar baƙi ta 1969 ba, ba mu manta da Ejura a Yunin 2021 ba, inda sojoji suka harbe samari biyu masu zanga-zanga. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma doka. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗauki yunƙurin kifar da shi da ƙarfi a matsayin babban cin amanar ƙasa, hukuncinsa kisa. A Janairun 2024 wata kotu a Accra ta yanke wa mutum shida hukuncin rataya kan shirya juyin mulki. A Fabrairun 2022 an kama lauya Oliver Barker-Vormawor saboda rubutun da ya yi a Facebook game da juyin mulki, ya kwashe fiye da wata guda a tsare. Wannan fa lauya ne sananne, mai abokai a ciki da waje. Yaron da ke tura baro a Kejetia wa zai tsaya masa?

Babu mai cewa samari su daina fushi. Rashin aiki gaskiya ne, lalacewar magudanan ruwa da makarantun zango gaskiya ne, kuma tambayar ina zinariyar Obuasi da Tarkwa take tafiya tambaya ce mai kyau. Mutum zai iya neman sauyi daga tushe ba tare da ya kira soja ba: ya bi diddigin kuɗin Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, ya tsare ɗan majalisarsa da tambaya, ya shiga ƙungiya, ya yi zanga-zanga bisa doka, ya tsaya takarar majalisar gunduma. Hanyar tana da tsawo kuma tana da ban haushi, amma in aka yi kuskure a cikinta ana iya gyarawa bayan shekara huɗu.

Duk wanda ya zo maka da maganar juyin juya hali, a Wagadugu yake ko a unguwarku, ka yi masa tambayoyi uku. Me zai fita daga hannun wa ya koma hannun wa? Wa zai faɗi ko wane ne maƙiyi, kuma wanda aka kira haka ina zai kai kukansa? In abin ya ɓaci, ta wace hanya za a sauke jagoran? Wanda ya amsa ta farko kaɗai ya kauce wa sauran biyun, to ka riƙe tafinka tukuna. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kawo wa 'yan uwanmu na Burkina sauƙi.